Na Bi Layi a Falona

Mutane suna cewa na yi sa'ar miji. To, su zo su ɗauka mana, ai dama ya zama nasu.

Lokacin da na aure shi akanta ne a wani kamfanin sabulu. Ɗan tela ne, siriri, ga tabarau mai kauri. Ofishinsa wani ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan sito, da fanka mai kuka da tagar da ba ta rufuwa. Magana kuwa sai ka roƙa. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai na auri kalkuleta. Ko a jikina. Da an tashi aiki yana gida, ya cire takalmi, ya zauna a bakin ƙofar kicin yana tsince mini shinkafa, ni kuma ina zuba masa surutu. Duk shirmen da na faɗa sai ya saurara har ƙarshe.

Kwatar layinmu ce ta raba ni da shi. Duk damina sai ta cika ta shigo gidaje. A taron unguwa kowa ya yi ta ihu, shi kuwa ya miƙe a hankali ya faɗi inda ruwan yake toshewa da ofishin da ya kamata a je. Aka je, aka gyara. Shi ke nan fa, dattawa suka sa shi gaba sai ya tsaya kansila. Daga kansila sai majalisa. Mutumin da doguwar gaisuwa take ba shi wahala, yau shi ne riƙe da lasifika.

Abin haushin, ba ɓarawo ba ne balle in samu abin zagi, ba ya kuma neman mata. Jama'a ce kawai. An kwashe kujerun falona an jera benci, labulena ya yi baƙi da hannuwa, ɗakin yara ya koma ofis. Wallahi kishi nake yi, da tsofaffi, da masu neman aiki, da kowa. Yadda yake karkatar da kai yana sauraronsu ɗin nan, a da ni kaɗai yake yi wa haka.

Sai likita ya ce yanar idona na hagu sai an yi aiki. Tsoro ya kama ni. Ga direba, ga 'yata ta ce za ta raka ni, amma ni shi nake so ya kai ni ya riƙe mini hannu. Na faɗa masa yana waya, ya gyaɗa kai. Na sake faɗa yana ɗaura agogo, ya ce, "Subhanallahi, za mu duba." Za mu duba! Ni zai gaya wa za mu duba.

Ranar aikin da safe na yafa mayafi na fito falo, na zauna a benci.

Sakatarensa ya zaro ido. "Hajiya, lafiya? Ki shiga mana."

Na ce, "Bar ni, ɗana. Na ga ta nan ake samunsa."

Matan da ke gefena suka kwashe da dariya, sun zaci wasa nake.

Layi ya yi ta matsawa. A gabana wata tsohuwa ce, ƙafarta a kumbure, ɗaure da tsumma. Ta shiga, saura ni. Na gyara mayafi, na shirya maganata tsaf. Sai ƙofa ta buɗe, ya fito riƙe da tsohuwar, ta jingina da kafaɗarsa.

"Sannu, Iya, a hankali. Ni da kaina zan kai ki asibitin ƙashi, ƙafar nan ba za ta jira gobe ba."

Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, Maman yara, gara da kika fito. Taimaka ki ɗauko mini makullin mota, yana kan gado."

Tsohuwar tana ta sa masa albarka, falo gaba ɗaya ya ɗauka da amin. Na tashi na je na ɗauko masa.