Kwanon Ciyayya da Ƙafata ta Hagu

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba, har wani ya aiko yana tambayar iyalina ko lafiya. Ina nan da raina. Ku gyara zama, labarin ba na gaggawa ba ne.

Da ƙishirwa abin ya faro. Ina zaune a rumfata ta hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, in sha ruwa, in zagaya, in dawo in sake sha. Sai wani barci mai daɗi da rana tsaka, buhunan dawa su yi ta lilo a idona kamar a kan ruwa suke. Na ce tsufa ne.

Sannan ƙaya ta soke ni a ƙafar hagu, a gonata ta Wurma. Ƙaya fa. Sati uku mikin ya ƙi rufewa, har ya fara wari.

A asibiti suka soki yatsana, suka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Likitar, sa'ar ɗiyata ta fari, ta dubi lambar, ta dube ni.

"Baba, ciwon suga ne, ga hawan jini. In mikin nan bai kama hanya ba, sai an yanke ƙafar."

Kwana goma sha ɗaya na yi a kwance. Allura safe da yamma, wankin miki, ƙarin ruwa. Bijimin da nake kiwo ya tafi a magani.

In na ƙura wa ruwan nan ido yana ɗiga, sai in gan ni a tsakar gidanmu na Wurma. Marigayiya Inna tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙi na tashi a hankali, ƙamshin daddawa ya cika ko'ina, shanu na dawowa ba ƙara ba motsi. In miƙa hannu, sai in farka. Abu na farko, in laluba ƙasan zane in ji ko ƙafar tana nan.

Da aka sallame ni, maiɗakina Hajiya Rabi ta ɗaura ɗamara. Tuwon shinkafa ya koma na dawa ko na alkama, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna. Miyar taushe ta sha alayyafo da kabewa, mai cokali ɗaya. Daddawa da citta da tafarnuwa suka karɓi aikin dunƙulen kanti. Kifi gasasshe, ba soyayye ba. Kwaɗon zogale ya zama rabin kwano.

Amma akwai ciyayya.

Shekara talatin, bayan magariba, mu magidanta biyar muna fito da kwanukanmu ƙofar gidan Alhaji Sule mai shanu, mu ci tare. Kun san dokar. Ba a janye hannu daga kwanon maƙwabci, sai ya ce ka raina girkin gidansa, ko kana zarginsa da wani abu. Ni kuma kunya ta hana ni faɗin ciwona. Sai in ture kwanon Hajiya gefe, in afka wa tuwon shinkafar gidan Alhaji Sule, man shanu na iyo a kai kamar hantsi.

"Ci, Alhaji, ci! Jinya ta zuƙe ka, ka koma kamar karan dawa."

Ni kuwa in ci.

Ranar komawa asibiti, suga ya hau, gefen mikin ya yi baƙi. Likita ta juya kan Hajiya.

"Mama, me kike ba shi? So kike a yanke?"

Matar da ta yi wata guda tana auna mani gishiri da ɗan yatsa. Ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka kan hijabinta. Nan na ji abin da ya fi wankin miki zafi.

Na ce, "Likita, ƙyale ta. Ɓarawon yana gabanki." Na faɗi komai.

Likita ta ba ni sati biyu, in ba sauyi a yanke.

Muka dawo gida ni da Hajiya. Washegari ta saka hijabi, ta shiga gidajen abokan ciyayyata huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ban san me aka ƙulla ba. Na dai ga kwanukan sun fara sauyawa a hankali, kamar yadda damina ke shigowa. Yau mai ya ja baya. Gobe ganye ya ƙaru. Jibi tuwon dawa ya fito daga gidan da bai taɓa fitowa ba. Kowane kwano na sa hannu, ban ɓata wa kowa ba.

Sati biyu, baƙin ya tsaya. Wata biyu, nama ya ciko. Shekaranjiya likita ta cire bandeji ta ce, "Baba, je ka sayi takalmi na ƙafafunka biyu."

Alhamdu lillahi. Na gode wa likita da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. Hajiya, a gaban jama'a nake cewa ki yafe mani.

Shawarata kaɗan ce. Ƙishirwar da ba ta ƙarewa, a je a auna jini. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya shiga gona ba takalmi. A sha magani yadda aka ce, abinci ba ya maye gurbinsa. Ba sai ka rabu da tuwonka ba, rage malmala, ƙara ganye. Kuma ka faɗa wa abokan cin abincinka gaskiya tun da wuri.

Ga ni na faɗa, ko da a makare. Alhaji Sule, jiya ka lashe yatsa ka ce girkin gidanka ya dawo irin na da, har gwiwarka ta daina ciwo. Allah ya ba ka haƙuri. Wata uku ke nan kana cin abincin marasa lafiya, kuma kai ke neman ƙari.