Ranar da mahaifina ya je nemana Safana

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Safana, aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Batsari. A ranar na kira mahaifiyata a Karare na zayyana mata komai, har launin fentin sabon ajin. Mahaifina kuwa ban kira shi ba. Ni da wayona, na ɗauka ai za ta faɗa masa. Ita kuma ta ɗauka shi na fara faɗa wa.

Haka gidanmu yake. In mun zo, mu durƙusa a ƙofar gida, "Baba ina wuni, ya gona?" Ya ce lafiya lau, mu yi wuf mu shige ɗakin Inna. Can ake hira da shewa, can jikoki ke birgima. Inna kullum fuska a washe. Shi kuwa mun yanke masa hukunci: Baba ba ya son magana.

Bayan sati uku aka cire gyaɗa. Dattijon nan ya ɗaura rabin buhu a bayan ɗan acaɓa, takanas har Safana, wai ya kai wa ɗansa malami sabuwar gyaɗa. Maigadin makarantar ya dube shi ya ce, "Baba, anya ɗanka ne? Ai ya daɗe da barin nan."

Ya juyo da gyaɗarsa, bai ce wa kowa uffan ba sai Inna. Ita ta kira ni. "Kai, wane irin ɗa ne kai? Ubanka a bakin maigadi zai ji labarinka?"

Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar Asabar na same shi a gona, na durƙusa ina ta kame-kame. Ya ce, "Tashi, ba ka yi laifi ba. Kuna gaishe ni, Allah ya yi albarka. Hirar ce dai ta uwarku."

Na zauna a kan kunyar gona, sai na tambaye shi yadda kakanmu ya samu gonar. Jama'a, mutumin nan bai yi shiru ba har aka kira azahar! Har da kwaikwayon muryar kakan, yana dariya.

Har yau abin yana sosa mini rai. Inna mun ba ta hira, shi mun ba shi girma mun wuce. Shekara arba'in ina cewa mahaifina ba ya son magana, alhali ban taɓa zama na tambaye shi komai ba.