Ƙamus a Bakin Kaskon Ƙosai

Turancina na farko da ya zauna a kai ba a aji na same shi ba, a takardar ƙosai na same shi. Ina aji biyar a firamare a Kurfi, akwai wata dattijuwa da ke suya a bakin hanyar makarantarmu, kowa Gwaggo yake ce mata. Wani ya ba ta tsohon ƙamus na Turanci da Hausa, marar bango, ita kuma ta ga takardar ƙunshi ta samu. Kullum sai ta yagi shafi daga sama, ta zuba ƙosai da yaji, ta miƙa.

Ranar da na lura, ta riga ta cinye fiye da rabin littafin, ta iso kalmomin da ke farawa da st. Na karkaɗe yaji, na ga stammer, wai in'ina. A ƙasa ga star, tauraro. Wayyo daɗi! Ƙosan ya huce a hannuna ban sani ba. Mai ya jiƙa takardar har rubutun baya yana leƙowa ta gaba, sai na ɗaga ta sama ina karkata kai kafin in raba su.

Daga nan na zama fitina. Ina bin 'yan ajinmu ina ƙwace takardunsu kafin su goge hannu. Na samu steam, tururi, na samu stew, miya. Ƙawata da ta hana ni tata, na ce mata stingy a gaban kowa, ta yi ta murmushi tana zaton yabo ne, alhali marowaciya na kira ta. Da na tsinci stork kuwa, har tsalle na yi, don ban taɓa zaton Bature ya san shamuwa ba.

Amma littafin yana ramewa a idona. Duk wanda ya sayi ƙosai ya wuce Wurma ko Barkiya, ya tafi da kalmomin da ba zan sake gani ba. Abin ya hana ni sukuni. Ina son ragowar littafin nan kamar in yi kuka.

Na tattara ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, don Allah ki bar mini shi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyar nan, in zuba ma mutane a mi? A tafin hannu? Kawo mini wata takardar, ki ɗauki abinki."

Ina zan samu? Na addabi Yayana, mai acaɓa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ya roƙo mini tsofaffin jaridu a can. Yau ya manta, gobe ruwa ya tare shi. Na yi fushi, na daina gaishe shi, na kuma daina bi ta wajen Gwaggo, don ba zan iya kallon ana yaga ba. Sai da aka kwana biyu sosai ya dire mini ɗauri guda, yana cewa in sarara masa haka nan.

Na kinkima a ka, na ruga, zanina yana harɗe ni. Tun daga nesa nake leƙen gefen kasko, inda littafin yake zama. Babu shi. Na tsaya da jaridu a ka, hawaye suka taho.

"To, mi kuma ya faru?" in ji Gwaggo. Ta ɗaga gefen tabarmar da take zaune, ta jawo wani abu naɗe a tsohon kallabi. Na buɗe, sai ga ƙamus ɗin. Shafin farko yana kan stove, murhu, daidai inda na baro shi.

"Gwaggo, to a me kike ƙunshi duk kwanakin nan?"

Ta juya ƙosai, ba ta ko dube ni ba. "Kwano na ce kowa ya zo da shi. Wasu sun yi fushi sun koma wajen mai waina. Zauna ki karanta mini ko guda, in ji abin da na daɗe ina yagawa."