Tsakon da Ya Kwantar da Ni da 'Yata

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko na mutu ne ko an sace wayata, ina nan da raina. Kunya ce ta rufe min baki.

Kun tuna bayan girbin shinkafa na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, har ina kiran kaina injiniya, ni da ban gama sakandare ba. Ranar ƙyanƙyasa aka ɗauke wuta. Ƙwan duk suka lalace sai ɗaya, shi ma tsakon ya fasa ɓawo ya maƙale. Na ɓare masa a hankali. Ya fito jiƙe, wuya a langaɓe.

'Yata Ummi, 'yar shekara biyar, ta ce, "Baba, kar ka bari ya mutu."

To, ni na tashi da kiwon tattabaru. Yadda muke ɗura wa 'ya'yansu, haka na yi masa: na tauna gero, na kurɓi ruwa, na sa bakinsa cikin nawa. Maman Ummi ta ce, "Malam, wannan ƙazantar fa?" Na ce ilimi ne, ba za ta gane ba.

Ashe in na fita, Ummi ma haka take yi masa.

Bayan 'yan kwanaki cikina ya fara murɗawa, ina ta zaryar banɗaki, ina ɗora laifi a kan kifin garin Baturiya da na ci. Ummi kuwa amai da gudawa da zazzaɓi, har idonta ya faɗa. Na sa ta a adaidaita, jikinta kamar tsumma.

A asibiti aka yi ta neman jijiya a hannunta, sai a ƙafa aka samu. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Aka ɗibi jini da bayan gida, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ni ma aka ɗaura min. Shinkafar da na ajiye ta iri duk ta tafi a magani.

Likita ta tambaya, "Tana wasa da kaji?" Ummi ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Ni da Baba muke ba shi abinci da baki."

Likita ta dube ni. "Baban Ummi, tsako ba tattabara ba ne. Da kansa yake ci."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maman Ummi ta juya ta ci gaba da yi wa 'yarta fifita. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Alhamdulillahi, wata safiya Ummi ta nemi shayi da biredi. Yanzu tana gida tana tsalle. Allah ya saka wa likita da nas-nas da duk wanda ya yi mana addu'a.

Shawarata: tsako ɗumi yake so da ruwa a murfin kwalba, ba bakinka ba. Ku wanke hannu da sabulu. Yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a tafi asibiti. Kuma duk abin da ka yi, akwai mai kallonka.

Tsakon ya zama zakara. Na ce a yanka shi sadaka, Ummi ta tare ƙofa: "Haba Baba, ɗanka ne fa, a bakinka ya ci!"