Ɗaurin Gugan Sarki

Gajeriyar katanga ce ta raba gidanmu na Fagge da na Kaka Falmata, mahaifiyar Innarmu. Turaren wuta take haɗawa tana sayar wa matan Sabon Gari, shi ya sa kaskonta ba ya rabuwa da garwashi. Da an idar da Magariba sai mu jikoki mu kewaye shi, ita kuma ta miƙe ƙafa ta ce, "To, ga ta nan ta iso. Wa zai ba ta tabarma?"

Kullum Yaya Modu ne na ƙarshen zama. Saurayi ne, sharaɓarsa cike kamar ta ɗan kokawa, amma in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa, ya miƙe a hankali kamar tsoho. Baba ya ce lalaci ne kawai. Har ya gama magana da wani mai shago a Kantin Kwari, Modu zai fara ɗaukar dilar atamfa. Inna ta yi kuka, bai saurara ba. Kaka kuwa ba ta da halin tunkarar surukinta, ko ido ba sa haɗawa.

A ranar ta ja mu da hira har sai da ta ji ƙarar butar Baba a bayan katanga, zai yi alwalar Isha'i. Sannan ta ɗaga murya.

Wai wani sarki ne ya haƙa rijiya mai zurfi, ya sa ƙaton garin ya ja ruwa. Igiya sabuwa, guga sabo, amma ko yaushe gugan sai ya karkace ya fito wayam. Sarki ya ce a yi wa ƙaton bulala. Ƙato ya ƙara ƙarfi. Sai wata tsohuwa mai tallar kuka ta roƙi a bar ta ta duba. Ta ga ɗaurin da ya haɗa igiya da bakin gugan ne ya ruɓe, duk fizga ɗaya kuma fatar ƙara yagewa take yi.

"Kaka, wai me ya sa kike ihu?" na ce. "Ai ga mu kusa."

"Ja'ira, kunnena ne ya tsufa, ba na jin kaina."

Modu ya ce, "To sai sarkin ya yi yaya?"

"Maigidana, wannan sai a tambayi sarki."

Muka ji ruwan buta ya tsaya. Da gari ya waye, Baba ya kai Modu wurin wani mai wankin hula, inda ake aiki a zaune. Bai taɓa faɗa mana dalili ba.

Sai da Modu ya manyanta, numfashi ya fara yi masa wuya, ƙafafunsa na kumbura, ni da Inna muka raka shi asibiti. Likita ya ce a cikin kowace ƙwayar tsoka akwai zaruruwa masu ja, akwai kuma wasu ƙananan sinadarai da suke ɗaure su da bangon ƙwayar, har a tsokar zuciya. Na Modu raunana ne tun haihuwa, aikin ƙarfi kuma yaga tsokar yake yi. Ya ce irin wannan ta wajen uwa yake bi, ya bayyana a ɗa namiji. Na ce Subhanallahi. A hanyar gida Inna ta gaya mini Kaka ta taɓa yin ƙane mai irin tafiyar Modu, wanda ya faɗi da kaya a ka bai tashi ba. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Kaka ba ta san sunan ciwon ba. Ta dai san cewa Allah Yana iya bai wa bawa ƙarfin da ido ke gani, Ya jarrabe shi a wurin da ido ba ya kaiwa, kuma a nan ne masu ƙauna suke yin zalunci ba su sani ba.

Bana ɗana Abba ya fara dafa gwiwa in zai tashi daga karatun allo. Babansa ya buɗe baki zai yi masa faɗa. Ni babu kunyar surukuta tsakanina da shi, don haka na ce, "Malam, kar ka yi masa faɗa. Ɗauko makullin mota, asibiti za mu."