Murfin Rijiyar Gidanmu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare da ke hanyar Babban Mutum, kuma babu ajin da wani mai ƙaton kai bai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai ina amfanin wannan abin a rayuwa?" ba. Tambayar nan tana ƙona mini rai. Shi ya sa ranar da Inna ta yi maganar murfin rijiya na ji kamar an yi mini bushara.

Rijiyar tana ƙofar gidanmu. Baba ne ya haƙa ta da hannunsa tun ba a haife ni ba, duk unguwa nan suke ɗiba. Tun da ya rasu Inna take ɗaukar kowane guga da aka ja a matsayin lada da ke isa kabarinsa. Wata rana kazar maƙwabta ta faɗa ciki, sai da aka kwashe ruwan kaf. Inna ta ce in samo tsohon kwanon rufi a ɗora, a danne da dutse.

Kwano da dutse! A gidan malamin lissafi! Na ce mata ta bar mini komai.

Na zagaya bakin rijiyar da igiya, na auna tsawon igiyar da tef, na raba da ashirin da biyu bisa bakwai, kamar yadda nake koya wa yara in za a nemo faɗin da'ira daga kewayenta. Amsa ta fito tsaf. Na hau babur sai Daura, wurin wani Ibo mai walda da ya fi ni iya Hausar kasuwa. Ya dubi takardar ya dube ni.

"Malam, in ƙara maka taƙi ɗaya? Murfi ai ana ba shi rara."

Na ce masa lissafi ba awon gero ba ne da za a yi masa gyara, ya yanka abin da ya gani a rubuce. Ya ce to, kai ne mai boko.

Ranar da aka kawo murfin a kan amalanke na kwaso 'yan aji uku gaba ɗaya, su arba'in da wani abu, don su ga amfanin lissafi da idonsu. Na yi jawabi. Wallahi har da ɗaga yatsa. Mata suka ajiye bokitai suna kallo, Inna tana tsaye a bakin zaure. Ƙarti huɗu suka ɗora murfin. Sai na ga ya hau kan baki ta gabas da yamma da kyar, amma ta kudu da arewa ga rata nan har kana hango duhun ciki. Ashe bakin rijiyar ba da'ira ba ne, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Ni da na girma ina jan ruwa a nan ban taɓa kallonsa ba, igiya kawai na tambaya.

Don kada yara su gane, na sa ƙafa na ɗan tura shi, wai in daidaita. Gefe ɗaya ya zame, murfin ya miƙe tsaye a kan gefensa, ya shige ta tsawon bakin sumul, kamar an auna shi don haka. Muka ji ƙara kamar an jefar da tukwanen biki. Sai shiru.

Aka leƙa da madubi. Murfin ya je inda rijiyar ta tsuke, wajen gaba shida, ya kwanta ya cije. Ya rufe ta ruf, babu ko ratar da allura za ta bi. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, a can ƙasa ya yi daidai." Ban san lokacin da na kora su makaranta ba.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Ana cewa tun bayan macijin nan ba a sake samun wanda ya hana mutanen ƙasar Daura ruwa ba sai ni. Wani tsoho ma ya aiko a tambaye ni wace rana zan riƙa ba da izinin ɗiba.

Na yi dariyar yaƙe. Matan unguwa suka koma tafiya har famfon bakin titi, tafiyar da ta fi rabin awa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kullum da safe sai ta fito ta zauna kusa da rijiyar da carbinta, tana kallon mata suna wucewa da bokitai babu mai tsayawa.

Na nemo wani dattijo mai haƙar rijiya daga Baure. Ya shiga, ya ɗaura igiya a hannun murfin, ya fito, muka taru muka ja. Ya taso! Muka yi kabbara. Sai da ya iso baki ya tsaya cak, domin faɗuwar ta lanƙwasa shi kamar faifan da aka zauna a kai, ta inda ya shiga ba ya fita. Muka juya shi ta kowace fuska. Yanzu rijiya ta samu murfi a bakinta, amma ta ciki. Na ruga Daura neman mai walda ya zo ya yanka shi, na tarar da shago a kulle, ya tafi garinsu Kirsimeti sai bayan sabuwar shekara.

Dattijon ya ce hanya ɗaya ce, a fasa bakin. Ya dubi Inna, don ya san aikin wane ne. Kwana shida ke nan babu wanda ya ja guga. Inna ta ce, "A fasa. Mutane su sha ruwa." Ta shige gida kafin a ɗaga guduma.

Aka sake gina baki da siminti, da'ira sak, ni na zana ta da ƙusa da zare. Mai walda ya dawo ya yi sabon murfi, ya ƙara taƙi biyu bai ko tambaye ni ba. Mata suka dawo ɗiba, har ana yaba kyan aikin.

Ganin komai ya lafa, sai bakina ya buɗe. Muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, na ce, "Amma Inna, tsakani da Allah, laifin ba nawa ne ni kaɗai ba. Me ya sa Baba ya gina baki a karkace?"

Ba ta ɗago ba.

"Da farko daidai ya gina shi," in ji ta. "Da na samu cikin fari, cikin ya yi girma, in na sunkuya jan ruwa sai bakin ya tokare ni. Na ce ba komai. Shi kuwa ya kwana biyu yana sassaƙe gefen da nake tsayawa, ya sake shafe shi, don kada abin da ke cikin ya ji ciwo."

Ni ne ɗanta na fari. Na zauna ina kallon hannunta. Ta tura mini tiren waken ta ce in taya ta, idonta ba ya ganin ƙananan tsakuwa yanzu.