Mai Roba a Cikin But

A garejin bayan kasuwa babu mai kiran shi da sunan yanka. Mai Roba ake ce masa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan: robar ƙofa, robar gilashi, robar but, duk inda ruwan sama ke samun kafar shiga mota. Gajere ne, ɗan tsamurmuri, kuma ƙanƙantar ce ta ciyar da shi. In aka kawo mota mai yoyo, shi ke naɗewa ya shige but da tocila da alli a rufe shi, abokin aikinsa Dogo mai gyaran bodi ya saki tiyo daga waje. Inda ɗigo ya ɓullo ya sa alama, ya ƙwanƙwasa, a buɗe. Dogo kan ce in da shi ne zai shiga, sai an cire masa ƙafafu. Mai Roba ya ce ai tsawo ba abin da ya tsinana wa mutum sai gware da ƙofa.

Da daminar bana matarsa ta rasu. Ba wata jinya. Ta ce kanta na sarawa, ta kwanta, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa. Bai yi kuka ba. Masu gaisuwa suka yi ta yaba haƙurinsa, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Ƙirjinsa ne ya zama kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Da aka share makoki ya koma aiki. Motar farko ta wata mai ɗinki ce. Tana buɗe but warin danshi ya bugo su.

"Malam, dubi yadukan mutane, duk sun yi jirwaye," in ji ta.

Ya ɗaga kafet. Ruwa kwance a ramin safaya, har ya yi ja.

Dogo ya dafa kafaɗarsa. "Gajere, bar shi yau. Ma yi gobe."

"Rufe kawai," in ji Mai Roba, ya shige.

Ruwan tiyo ya fara dukan ƙarfe a kansa. Bai daɗe ba ya ga ɗigon, can kusurwar hagu, saman danja, wato fitilar baya, inda robar ta tsage tsatsa ta ci ƙarƙashinta. Ya zana da alli. Sai ya kashe tocila ya kwanta. Ba tunaninta yake ba, ba addu'a yake ba. Duhu ne, ba mai ce masa ya haƙuri, hannunsa kuma ya ƙi ɗaguwa.

Ruwa ya tsaya. Ya ji Dogo na kira, ya ji ana dukan murfi, sannan haske ya faɗo masa a ido.

"Kai, lafiya? Ba ka gani ba ne?"

"Na gani tun ɗazu."

"To me ya hana ka bugawa?"

"Ban sani ba."

Mai Roba ya fito, ya ɓare tsohuwar robar, ya kankare busasshen gam, ya goge tsatsar da samfefa har ƙarfe ya fito fes, ya shafa fenti. Da ya bushe ya kawo sabuwa, yana bi yana dannawa da babban yatsa. Da za a sake gwadawa, Dogo ya ƙi rufe shi. Kujerar baya ya kwantar, ya ce ya leƙa ta nan. Ko ɗigo babu. Tun daga ranar haka suke yi, ba wanda ya taɓa tada zancen.

A ranar da azahar babbar 'yarsa ta biyo daga gidan mijinta da kwanon abinci. Ta durƙusa gefen benci tana kallon shi yana ci.

"Baba, gishiri ya ji?"

"Ya ji."

Dogo ya sa hannu ya kai loma ɗaya. Abincin lami ne, ko ƙwayar gishiri babu. Ya dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai. Mai Roba ya cinye tas, ya wanke hannu, ya tambayi wace mota ce ta gaba.